Waiwaye: A Jafan, Romo Ya Girmi Nama

A farkon shekarar 1872 labari ya fito daga fadar Tokyo cewa Sarki Meiji, saurayi ɗan shekara 19, ya ci naman shanu. Da gangan fadawa suka bar maganar ta bazu, don talakawa su ji su kwaikwaya. Ba a jima ba sai ga wasu mutum goma, mabiya ɗariƙar tsaunin Ontake, cikin fararen kaya, sun tasam ma ƙofar fada za su shiga da ƙarfin tsiya. Kukansu shi ne tun da baƙi suka shigo aka soma cin nama ƙasa ta ƙazantu, har ababen bautarsu sun rasa wurin sauka. Dogarai suka buɗe musu wuta, huɗu daga cikinsu suka rasa rayukansu.

Yau in ka bi ta lungunan da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a unguwar Yurakucho da almuru, hayaƙin gashi ne zai tare ka tun daga nesa. Ma'aikata ne da kwat da lakataye jere a kan benci, ana miƙo musu tsinken kaza da na alade. Tun shekarar 2011 alƙaluman gwamnatinsu suka nuna cewa naman da mutumin Jafan ke ci a shekara ya zarce kifin da yake ci, a ƙasar da teku ya kewaye ta ko ta ina. Kaza da alade ne a kan gaba, kuma kusan rabin aladen daga waje ake sayo shi.

Na san wasu masu karatu sun riga sun yamutsa fuska. Alade haramun ne ga Musulmi, babu ja a nan, kuma wannan shafi ba zai zuba wa kowa shi a faranti ba. Sai dai duk mai son ya fahimci gashin Jafanawa, wanda ake yayinsa yanzu daga Landan har Dubai, dole ya bi ta kan wannan dabba, don ita ce naman talakansu. A kanta ne kuma ya fi fitowa fili cewa sirrin gashin nan a cikin tulun romo yake, romon kuwa ya riga naman zuwa da ɗaruruwan shekaru.

Ƙyamar nama ta samo tushe ne a shekarar 675, lokacin da Sarki Tenmu ya kafa doka, kamar yadda tsohon littafin tarihinsu Nihon Shoki ya ajiye, cewa kada a ci sa da doki da kare da biri da kaza daga wata na huɗu zuwa na tara, wato lokacin aikin gona. Addinin Buddha, wanda ya hana kashe mai rai, bai fi shekara ɗari da 'yan kai da shigowa daga Koriya ba. Amma a duba jerin da kyau. Sa da doki su ne ƙarfin manomi, kare mai gadi ne, zakara mai tada mutane. Aladen daji da barewa, waɗanda su ne ainihin abin da mafarauta ke kawowa gida, ko ambatonsu ba a yi ba. Ni a ganina doka ce ta tattalin noman shinkafa aka naɗa mata rawanin addini. Sarakunan baya suka yi ta maimaita irinta, ta haɗu da aƙidar Shinto mai ɗaukar jini da mutuwa a matsayin ƙazanta, har ya zama wanda ya ci naman dabba mai ƙafa huɗu sai ya yi kwanaki bai kusanci wurin ibada ba. A hankali abin da ya fara da doka ya koma ɗabi'a.

Ba wai an daina ci ba ne ƙwata-ƙwata. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, akwai shaguna a birni masu sayar da naman daji, an rataye musu allo da sunan wani ƙaton kifin teku, don mai shiga ya ce kifi ya je ci. Irin allon nan ya fito ɓaro-ɓaro a wani hoton da mai zane Hiroshige ya yi na titin birnin Edo, wato Tokyo ta yau, cikin dusar ƙanƙara. Wasu kuma su ce magani suke sha don sanyin hunturu. Masarautar Hikone, wadda aka yarje wa yanka shanu saboda fatar ganguna, ta riƙa aika wa shogun, wato babban sojan da ke riƙe da ragamar mulki, naman sa da aka tsuma cikin miso, wato dakakken waken soya, shi ma da sunan magani. Can kudu kuwa, a Satsuma da tsibiran Okinawa, inda hulɗa da Sin ta yi ƙarfi, kiwon alade ake yi a fili ba a ɓoye ba. Shogun na ƙarshe, Tokugawa Yoshinobu, saboda son da yake wa naman alade har laƙabi aka yi masa da shi.

Waɗanda suka biya kuɗin wannan munafunci su ne masu fiɗa da masu jima. Manya na cin nama a asirce, suna sa sulke da sirdin fata, amma mutanen da ke taɓa gawar dabba an ware su a unguwanni na dabam, ba a aurensu, ba a cin abinci da su. An soke wannan wariya a takarda a 1871, 'yan watanni kafin sarki ya kai loma bakinsa, amma zuriyarsu, da ake kira burakumin, sun ci gaba da shan tsangwama, kuma har cikin wannan ƙarni ma'aikatan mayankar Shibaura da ke Tokyo na samun wasiƙun zagi. Duk wanda zai yabi gashin Jafan ya kamata ya san da wannan.

To, mutanen da suka yi sama da shekara dubu abincinsu shinkafa da wake da ganye da kifi, da me za su sa wa baki daɗi? Nan ne suka zuba basirarsu. Suka rungumi wata irin funfuna da suke kira koji, wadda ake renonta a kan dafaffiyar shinkafa ko wake cikin ɗaki mai ɗumi, ita kuma ta narkar da ƙwayar ta fito da zaƙi da garɗin da ke ɓoye a ciki. Daga gare ta aka samu miso, wato dakakken waken soya da gishiri da aka bari ya tsumu wata da watanni. Daga gare ta aka samu shoyu, baƙin ruwan nan mai gishiri: a turara wake, a soya alkama a ɓarza, a haɗa da koji, a zuba ruwan gishiri, a bar shi cikin manyan randunan katako, wani shekara guda, wani fiye, sannan a tace. Garin Yuasa ya yi suna da shi tun da daɗewa, daga baya Choshi da Noda suka karɓe kasuwar Edo saboda suna bakin kogunan da ke kai kaya birni. Kamfanin Yamasa na Choshi tun 1645 yake wannan sana'a, iyalan Noda kuma su ne suka haɗe a 1917 suka zama abin da duniya ta sani yau da Kikkoman. Daga koji ɗin dai aka samu sake, giyar shinkafa, da mirin, wata giyar mai zaƙi da kauri da ake girki da ita.

A kan kifi aka fara gwada wannan haɗi da wuta. Masu gasa unagi, kifin nan dogo mai siffar maciji, su suka ƙware a Edo: a tsaga shi, a soke, a gasa, a tsoma cikin tulun shoyu da mirin, a mayar kan garwashi, a sake tsomawa. Kowace tsomawa maiƙon kifin na komawa cikin tulun, shi ya sa ba a juye shi a wanke, sai dai a yi ta ƙara sabo a kan tsoho. Wannan romo shi ake kira tare, kuma akwai shagunan da ke tinƙaho da cewa nasu tulun bai taɓa ganin gindinsa ba tun zamanin kakanni. Da tsohuwar zuma ake magani. Gawayin ma sai da suka yi masa gyara. Binchotan na yankin Wakayama, da ake yi da icen ubame mai tauri, in ka buga biyu sai su yi ƙara kamar ƙarfe, ba ya hayaƙi, ba ya tada harshen wuta, yana daɗewa yana ci.

Saboda haka ranar da ƙofa ta buɗe, bayan jiragen yaƙin Amurka sun tsaya a bakin tekun Edo a 1853 kuma sabuwar gwamnati ta hau a 1868, nama ya tarar da madafa a shirye. Shugabannin Meiji sun ga Turawa dogaye ƙarfafa, suka yanke cewa nama da madara ne sirrin, masana irin su Fukuzawa Yukichi suka yi ta rubutu suna kwaɗaitar da mutane. A fada dai an kwaikwayi teburin Faransa, da cokali mai yatsu da komai. Talaka kuwa bai bi ta nan ba. Yanka naman ya yi siriri-siriri yadda tsinken cin abinci zai iya ɗauka, ya jefa cikin kasko da albasa mai lawashi da miso ko shoyu da sukari, don su kashe ƙarnin da hancinsa bai saba da shi ba, ya ci da shinkafa. Gyunabe ke nan, kakan girkin da ake kira sukiyaki a yau.

Sa ne ya fara shiga, alade ya biyo baya ta ƙofar talauci. Yaƙin da Jafan ta yi da Rasha a 1904 zuwa 1905 ya kwashe shanu zuwa gwangwanayen sojoji, naman sa ya yi tsada, mutanen Tokyo da kewaye suka koma wa dabbar da ke cin ragowar abinci ta kuma haifi da yawa. Har gobe gabashin ƙasar ya fi karkata ga alade, yankin Osaka da Kyoto kuma ga sa. Wani gidan abinci a Ginza mai suna Rengatei, da aka buɗe a 1895, shi ake dangantawa da fara tsoma yankan alade cikin mai mai yawa yadda ake soya kifi da ganye a girkin tempura, ya jera shi da yankakken ɗanyen kabeji. Daga nan tonkatsu ya samo asali.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na Obihiro, can arewa a tsibirin Hokkaido mai tsananin sanyi. Waɗanda suka sare dajin Tokachi suka kafa gonaki a ƙarshen ƙarni na 19 sun zo da aladu. Unagi abincin masu hali ne, kuma ba ya samuwa da sauƙi a can. Sai wani mai gidan abinci da ake kira Pancho, wanda aka buɗe a 1933, ya ɗauko romon unagi ya shafa wa yankan alade, ya gasa a garwashi, ya shimfiɗa a kan kwanon shinkafa. Butadon ke nan, kuma har yau layi ake yi a ƙofar shagon da ke kusa da tashar jirgin garin. Babu abin da aka ƙirƙira sabo. An ɗauke kifi ne aka sa nama a gurbinsa, tulun bai canza ba.

Yadda suke yi da yanka mai kauri, na gadon baya, abin kallo ne ko ga wanda ba zai ci ba. Mai gashi zai fara da bin gefen yankan da bakin wuƙa, yana tsittsinka jijiyar da ke tsakanin kitse da tsoka a wuri huɗu ko biyar, don in ba haka ba da ta ji wuta za ta tsuke, yankan ya lanƙwashe kamar kwano, rabi ya ƙone rabi ya ƙi nuna. Ya barbaɗa gishiri kaɗan. Ya tara garwashi a gefe ɗaya na ɗan kurfotinsu na yumɓu, shichirin, ya bar ɗaya gefen da sauƙin zafi. Nama ya hau wuta tsirara, babu romo, sai ya yi ja ta kowane gefe ya kusa nuna. A mintunan ƙarshe ne kawai buroshi ke fitowa: a shafa, a juya, a shafa, a juya, sau biyu ko uku, romon na ɗiga kan garwashi yana cuu, hayaƙin na tasowa yana komawa jikin naman, har ya ɗauki sheƙin nan mai duhu na gashin da ake kira teriyaki. Dalilin jinkirin kuwa sukari ne. In aka shafa tun farko, kafin ciki ya nuna waje ya zama baƙi ƙirin, ɗaci da ƙauri sun lalata komai. Ma'aunin da matan gida da yawa ke riƙewa da ka shi ne cokali biyu na shoyu, biyu na mirin, biyu na sake, ɗaya na sukari.

In da ɗanyar citta aka goga a ciki, an shiga gidan shogayaki, wanda galibi a kasko ake yi kuma yana cikin abincin rana da ma'aikata suka fi saye. Cittar na kashe ƙarni, tana kuma da wani sinadari mai sa tsoka ta yi laushi, shi ya sa ba a barin nama ya kwana a cikinta, sai ya saki jiki ya lalace. In kuma miso ne, kamar yadda ake yi a Atsugi da Chichibu, kwana ɗaya zuwa uku ake binne yankan a ciki, sannan a share shi tas kafin ya hau wuta, don miso ya fi sukari saurin ƙonewa. Alade ba a wasa da nunarsa. Tun 2015 doka ta hana gidajen abinci a Jafan ba da shi ɗanye, ƙa'idar da aka saba ji kuma ita ce tsakiyar naman ya kai zafin digiri 75 na tsawon minti guda.

Bayan yaƙin duniya na biyu wani hannun ya ƙaru. Koriyawan da mulkin mallaka ya kawo Jafan, waɗanda aka bari a ƙasan kowa, su suka riƙa gasa kayan ciki a kasuwannin bayan fage da tafarnuwa da barkono da riɗi. Gidajen yakiniku na yau, inda kowane tebur ke da tasa wutar, da yawansu daga nan suka taso.

Abin da na tsinta a wannan waiwaye shi ne Jafanawa sun karɓi baƙon abu amma ba su ba shi ragamar madafa ba. Abin da suka aro ya shigo ya tarar da mai gida, shi ya sa bayan shekara 150 ba wanda ke ganin gashin nan a matsayin kwaikwayon Turawa. Mu ma muna da namu tulun. Ƙwayar halittar da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, ita ce dai ke ruɓar da waken soya ya zama natto da Jafanawa ke karin kumallo da shi. Garɗin da daddawa ke ba miyar kuka shi ne wanda Farfesa Kikunae Ikeda na jami'ar Tokyo ya tsamo daga ganyen teku a 1908 ya ba shi suna umami, shekara guda bayan haka aka fara sayar da shi a matsayin Ajinomoto, farin magin da ke cikin kusan kowane shagon unguwa daga Kano har Maraɗi. Kamfanin ya kafa reshe a Najeriya a 1991, kuma abin da ya kamata ya sa mu yi shiru mu yi tunani shi ne har garin daddawa yake ƙullawa a leda yana sayar mana da sunan DeliDawa. Su sun mai da funfunarsu abin alfahari, masana harkar tsimi na ƙasar ma sun ayyana koji a matsayin funfunar ƙasa a 2006. Mu kuwa amarya ta waye in ta ce ba ta son warin daddawa, itatuwan ɗorawa na ta tafiya a buhunan gawayi, mai daddawa kuma tsohuwa ce a ƙauye da ba wanda ke koyon sana'arta.

Tun da dabarar a romo da wuta take, ba ta rataye a wuyan alade ba, kuma Jafanawa da kansu sun nuna haka. A 1918 gwamnatinsu ta tsara kiwon tumaki miliyan guda don samun ulun kayan soja. Shirin bai kai ko'ina ba, amma ya bar wa Hokkaido jingisukan, naman tunkiya da ake tsumawa cikin shoyu da citta da albasa da gogaggen tuffa, a gasa a kan kaskon ƙarfe mai tudu a tsakiya, maiƙon na gangarowa kan ganyen da aka jera a gefe. Haƙarƙarin rago ko cinyar kaza na karɓar wannan haɗi hannu biyu. A maimakon mirin da sake, zuma ko mazarƙwaila da ɗan ruwan tuffa da ɗigon lemun tsami na ba da zaƙin da sheƙin. A jinkirta shafawa dai har ƙarshe.

Inda Musulmi zai yi hattara ya wuce naman da ido ke gani. Mirin na asali barasarsa ta kai kashi 14 cikin ɗari, sake kuma ya ɗan ɗara haka, kuma zancen cewa wuta na ƙone ta duka ba gaskiya ba ne. Shoyu ma yakan fito da 'yar barasa kaɗan wajen tsumuwa, malamai sun yi bayani mabambanta a kai, mai gudun shubuha sai ya nemi kwalba mai tambarin halal, akwai su. Alade kuma gwanin ɓuya ne: yana cikin romon taliyar ramen, yana cikin dunƙulen kori, yana cikin gyoza, ƙullin fulawa mai nama a ciki. A farkon 2001 sai da aka janye Ajinomoto daga kasuwannin Indunusiya bayan majalisar malaman ƙasar ta gano an yi amfani da wani sinadari mai alaƙa da alade a wani matakin sarrafa shi, har kamfanin ya sauya hanya.

Ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu masu zuwa sayen motoci da kayan gyara, akwai masallaci a Kobe tun 1935, babban masallacin Tokyo da ke Yoyogi Uehara kuma yana da kantin kayan halal. A gidan abinci ku riƙe kalmomi huɗu: buta da ton duk alade ne, mirin da sake duk giya ce. In kun ji ɗaya daga ciki, ku ce a kawo muku kifin shioyaki, wato gasasshe da gishiri kawai, da farar shinkafa.